Gopi Krishna: Mai Ciwon Asmar Da Ya Yi Awa Tara Yana Rawa

Yau babu zancen sabon fim, babu gardamar wane jarumi ya fi wane iya soyayya. Labarin wani mamaci na zo muku da shi, mutumin da ya bar duniya tun 1994, lokacin da yawancinku ko haihuwarku ba a yi ba. Sunansa Gopi Krishna. In dai ka taɓa zama gaban tsohon fim ɗin Indiya, ka ga Hema Malini ko Rekha ko Vyjayanthimala tana juyi kamar iska ce ke ɗauke da ita, da wuya in ba ka ci karo da aikinsa ba, sai dai ba ka san nasa ba ne.

Ni ma ban san shi ba sai da wani abin haushi ya same ni. Hunturun bara waccan wani abokina mawaƙi ya kira ni Birnin Kebbi in tsara masa rawar bidiyon wata waƙar biki. Ni ba wani gwani ba ne, kawai dai tun muna yara a Dalijan ni ne mai kwaikwayon takun 'yan Indiya in an tashi daga gidan kallo, sai abin ya bi ni. Kwana uku ina tsaye cikin ƙura ina ƙirga wa samari shida taku, ɗaya biyu uku, har muryata ta dushe. Bidiyo ya fito. A ƙarshensa ga sunan mawaƙi, ga na mai kiɗa, ga na mai ɗaukar hoto, ga na edita, har wanda ya ara mana mota sai da aka yi masa godiya. Nawa ko harafi ɗaya babu.

Na dawo gida raina a ɓace, na kai kukana wurin Kawu. Maimakon ya taya ni jin haushi sai ya yi ta dariya, ya nuna mini cewa gata aka yi mini, don da sunan ya fito da shi kansa ya rasa inda zai sa fuskarsa a majalisa, a ce ɗan ƙanwarsa ya zama ɗan rawa. Abin da zai ba ku mamaki, wannan Kawun nawa duk zuri'armu babu mai son Indiya kamarsa. A Kano ya yi ci-rani yana saurayi, ya kalli Mother India a sinima har ya daina ƙirga ko sau nawa. Shi ne ya fara gaya mini cewa Sarkin Ƙarfi ake kiran Dharmendra a zamaninsu, Rishi Kapoor kuma Mace, saboda ya taɓa shigar mata a wani fim. A daren nan da ya ga na ƙi sakin fuska, sai ya ce in dai rawar nake so da gaske, in nemi wani tsohon fim mai suna Jhanak Jhanak Payal Baaje, in ga yadda namiji ke rawa, sannan in dawo in gaya masa ko abin da na yi a Birnin Kebbi ya isa a rubuta suna a kansa.

Na je wurin masu tura finafinai a Gwandu, babu wanda ya taɓa jin sunansa. A YouTube na same shi, data ta ƙare mini sau biyu kafin in kai ƙarshe. Daga nan na shiga bin diddigin wannan siririn saurayi mai manyan idanu da ke dukan ƙasa da ƙafa kamar ganga.

Kafin mu je gare shi sai an san irin rawar da ya gada, in ba haka ba labarin ba zai yi armashi ba. Katak ake ce mata, ɗaya daga cikin raye-rayen asali na Indiya, ta arewacin ƙasar. Sunan daga kalmarsu ta labari ya fito, domin asalinta masu ba da labari ne a wuraren bautarsu, suna faɗa suna nunawa da hannu da ido da ƙafa. Mai rawar yana ɗaura akayau a kowace ƙafa, igiya mai ɗauke da ƙananan ƙararrawa sama da ɗari, nauyinta kaɗai ya isa ya gajiyar da rago. Makaɗi na gefe da tabla, 'yan ganguna biyu da ake kaɗawa da yatsu. Kiɗan zagaye yake yi, wanda aka fi amfani da shi bugu goma sha shida ne, in ya ƙare ya koma farko. To a nan gwanintar take. Mai rawa zai saki ƙafa ya tafi da nasa lissafin, makaɗi ya tafi da nasa, su yi nisa da juna har ka ce sun ɓata, amma dole su sauka tare cif a kan bugun farko. Wanda ya riga ko ya makara da ƙiftawar ido, duk masana da ke zaune sun gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa filin dambe ya ga yadda mai kalangu ke bin ƙafar ɗan dambe, ɗan damben kuma na bin kalangun, ya san irin wannan zumuncin, sai dai su nasu da ƙirga ake yi kamar darasin lissafi.

Daga baya rawar ta shiga fadojin sarakuna, na Musulmi da na Hindu. Wanda ya fi shahara da riƙon masu ita shi ne Wajid Ali Shah, sarkin Awad mai fada a Lakno, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856 ya ƙare rayuwarsa a Kalkata. Da fadoji suka rushe, masu rawa suka rasa iyayen gida. Mata masu rawa da waƙa, waɗanda a da manyan gari ke zuwa gidajensu jin waƙa da koyon ladabin zama, sai aka haɗa su da karuwai aka yi musu kuɗin goro. Ƙarshen ƙarni na 19 'yan mishan da wasu 'yan bokon Indiya suka tashi haiƙan suna yaƙi da raye-rayen nan. Ya zama 'yar gidan mutunci ba ta ɗaura akayau.

A cikin wannan yanayi ne kakan Gopi na wajen uwa, Sukhdev Maharaj, ya yi abin da ya girgiza Banaras. Mutumin Barahmin ne, wato daga ajin malamansu, masani a harshen Sanskirit, ya kuma yi aikin kiɗa a fadar Nefal. Sai ya yanke shawarar koya wa 'ya'yansa mata katak: Alaknanda, da Tara, da Sitara. Dangi da maƙwabta suka juya masa baya, aka riƙa zagin 'ya'yan nasa da munanan sunaye. Bai fasa ba, ya ma buɗe makaranta yana karɓar har 'ya'yan matan nan da gari ke ƙyama. Da na karanta wannan wurin sai dariyar Kawu ta faɗo mini, na ce ashe tsohuwar dariya ce, kuma ba a Dalijan aka fara ta ba.

Ƙaramar cikinsu, Sitara Devi, ita ce ta zama sarauniyar katak ta zamaninta. An haife ta a 1920, ta rayu har 2014. Ta taɓa auren K. Asif, wanda ya yi Mughal-e-Azam. Kuma ku masu son Mother India, ku koma ku duba waƙar bikin watsa kala da ke ciki, Sitara ce ke rawar nan. Yayarta Tara kuwa ita ce ta haifi Gopi Krishna a Kalkata, cikin watan Agustan 1935.

Kun ga ke nan yaron a cikin ƙarar akayau ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar darasi sosai a wurin kakansa, a kan salon gidansu na Banaras. Katak gida-gida ce, kamar yadda makaɗanmu ke da gidaje. Manyan guda uku ne: Lakno, an san su da laushi da iya magana da fuska, Jaifur, an san su da ƙarfin ƙafa da yawan juyi, sai Banaras, su kuma ba sa tsoron ƙasa, su durƙusa, su zabura, su yi tsalle. Gopi bai tsaya a gidansu ba. Ya je ya yi karatu wurin Shambhu Maharaj na gidan Lakno, wanda baffan Birju Maharaj ne, shi Birjun da ya tsara wa Madhuri Dixit rawa a Devdas na 2002, ya tsara wa Deepika a Bajirao Mastani. Bai tsaya nan ba kuma, ya koyi baratanatiyam, rawar kudancin Indiya, a hannun Mahalingam Pillai da Govind Raj Pillai. A lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kowane gida gani yake nasa ne daidai, almajiri ba ya yawon tsangayu. Yana shekara 15 aka ba shi laƙabin Nataraj a wani babban taron kiɗa na Bengal, wato sarkin masu rawa.

Duk wannan da ciwon asma a ƙirjinsa, irin wadda ba ta rabuwa da mutum. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinsa. Mu da ke nan yankin mun san fuka, mun san yadda mai ita ke kwana zaune in ƙurar hunturu ta sauko, ƙirji na kuka kamar an danne kyanwa. Irin wannan yaro a wurinmu ko ƙwallo ba a barinsa ya buga. Shi kuma sai ya zaɓi sana'ar da jarinta numfashi ne, ya kuma zaɓi salon da ya fi kowanne cin numfashi.

A 1952, yana ɗan shekara 17, aka ɗauke shi ya tsara wa Madhubala rawa a fim ɗin Saqi. Ku auna abin. Madhubala ta girme shi da shekara biyu, ta riga ta yi suna tun fim ɗin Mahal na 1949, gari duk hotonta ne. Ga wani yaro da ko gemu bai fara ba, shi zai tsaya gabanta ya ce a sake, ba ta taka daidai ba. Yana cikin mafi ƙanƙantar shekaru da suka taɓa riƙe wannan aiki a masana'antar Bombai. Ni da samari shida 'yan unguwa suka kusa sa ni kuka, na san abin da nake faɗa.

Sai kuma 1955, shekarar da ta canza masa rayuwa. V. Shantaram, babban darakta mai kamfanin Rajkamal, ya ƙudurta yin fim a kan rawar asali tsantsa, kuma mai kala, a lokacin da kusan duk finafinan Indiya baƙi da fari ne. Caca ce babba. Babu Dilip Kumar, babu Raj Kapoor, babu Dev Anand. Jarumin fim ɗin Gopi Krishna ne, ɗan shekara 20, wanda masu zuwa sinima ba su san fuskarsa ba. Jarumar kuma Sandhya, wadda ba ta tashi da karatun katak ba, sai da Gopin ya zauna ya horar da ita. Vasant Desai ya yi kiɗan, ya tara manyan gwanaye na gaske: Ustad Amir Khan ya rera waƙar buɗe fim, wani saurayi ɗan Jammu mai suna Shivkumar Sharma ya kaɗa santur, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna, wanda daga baya duniya ta san shi da shi. Sunan fim ɗin ma ƙarar akayau yake kwaikwayo.

Labarin mai sauƙi ne. Wani tsohon malamin rawa, Mangal Maharaj, yana da buri ɗaya a duniya: ɗansa Girdhar ya ci wata babbar gasa da ake yi a wani wurin bauta. Gasar ta mutum biyu ce, namiji da mace, don haka suna neman abokiyar rawa. Suka sami Neela, yarinyar da wani attajiri ke kashe wa kuɗi yana da nufinsa a kanta. Malam ya karɓe ta almajira bisa sharaɗin ta ba da ranta ga rawa, ban da soyayya. Kun san Indiya, ai sharaɗin nan don a karya shi aka kafa shi. Soyayya ta shiga, uba ya fusata, Neela ta janye kanta don kada ta ɓata wa Girdhar gaba, ta shiga wahala har ta kusa rasa ranta. Attajirin nan ya saye sabuwar abokiyar rawar da aka samo don Girdhar ya kunyata ranar gasa. Sauran ku je ku gani da idonku. Abin da zan ce kawai, rawar ƙarshen nan, inda suka fito a siffar Shiba da Farbati na tatsuniyoyin addininsu, ita ce na maimaita har data ta ƙare.

Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, ya daɗe a sinima, ya ci kyautar Filmfare ta fim mafi kyau, Shantaram ya ci ta darakta, ya kuma sami lambar gwamnatin ƙasa. Abin da ya fi wannan, iyaye da yawa da suka kalle shi sun fara yarda su kai 'ya'yansu makarantar rawa. Shekara talatin kafin nan an guji kakansa saboda ya koya wa 'ya'yansa mata, yanzu ga jikan a allon sinima mutane na biyan kuɗi su tafa masa.

Gaskiya tsakani da Allah, a wajen fitowa a matsayin jarumi Gopi ba wani abin a zo a gani ba ne. In yana magana ko yana nuna baƙin ciki, za ka ga kamar yaro ne da aka ce ya tsaya a ɗauke shi hoto, yana zare ido fiye da kima. Amma da zarar tabla ta tashi sai mutumin ya zama wani daban. Juyinsa ba ya karkata, kamar an kafa ƙusa a tsakiyar kansa. Ya yi tsalle ya sauka a kan gwiwa, ya zame a ƙasa, ya miƙe, bugu bai kuɓuce masa ba. Akwai inda za ka ga jikinsa daga ƙugu zuwa sama tsit kamar gunki, ƙafafun kuma na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Wannan salon nasa ya jawo masa suka daga masu riƙon tsohuwar hanya, suna ganin ya cika tsalle-tsalle, ya mayar da katak wasan nuna ƙarfi don burge 'yan sinima. Na kalli Birju Maharaj don in gane abin da suke nufi, kuma na gane: Birju da ɗaga gira ɗaya zai ba ka labari guda, Gopi sai ya zagaye dandamali kaf. Amma ni a nawa ganin masu sukar sun manta da wanda ake yi wa rawar. Mai rawar fada gaban mutum talatin yake, duk masana. Gopi gaban talakawan da suka yanki tikiti yake, mutanen da ba su san bugu goma sha shida ba, irin su Kawu yana saurayi a Kano. Da rawar gira aka yi wa Kawu, da bai riƙe sunan fim ɗin shekara arba'in ba.

Duk da wannan nasara bai zama jarumin da ake rububi ba. Masana'anta ba ta da labarai da yawa na namiji mai rawar asali, jarumin da ake so shi ne mai dukan mugu ya ceci uwa. Sai Gopi ya koma bayan kyamara, inda ya fara, ya yi kusan shekara arba'in a can. A nan ne sunansa ya dinga shigewa cikin 'yan ƙananan rubutun farkon fim da muke turawa gaba. Shi ya tsara wa Vyjayanthimala rawa a Amrapali na 1966, ita da kanta gwanar baratanatiyam ce, ba a yi mata rufa-rufa. Ya yi aiki a Dastaan na Dilip Kumar a 1972. Ya yi Mehbooba a 1976, na Rajesh Khanna da Hema Malini, wanda tsofaffinmu har yau ke gunguna kiɗansa. A Umrao Jaan na 1981, fim ɗin da ya ba Rekha lambar ƙasa, shi da Kumudini Lakhia suka raba aikin rawar. Ku lura da wannan da kyau, don a nan ya ba masu sukarsa amsa ba tare da ya buɗe baki ba: rawar Rekha a fim ɗin nan babu tsalle ko ɗaya, tafiya ce a hankali, da zama, da ido, da ɗan motsin wuyan hannu, tsantsar salon Lakno da ya koya wurin Shambhu Maharaj. Har kudu ya je, ya yi aiki da Kamal Haasan a Sagara Sangamam na 1983.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Naache Mayuri na 1986. Sudha Chandran, wadda masu kallon dogayen wasannin Indiya na talabijin suka sani da fitowa a muguwar mace mai ƙatuwar ɗigo a goshi, yarinya ce mai rawa da ta yi hatsarin mota a 1981, ciwon ya ruɓe, aka yanke mata ƙafar dama. Aka sa mata ƙafar roba irin wadda ake yi a Jaifur, ta sha azaba ta koma rawa. Aka yi fim a kan rayuwarta da harshen Telugu, sannan aka sake shi da Hindi, ita ta fito da kanta. Gopi Krishna ne ya tsara rawar na Hindin. Ku yi tunanin ɗakin atisayen nan: malami mai shekara 50 da ƙirji mai kuka, almajira da ƙafar roba, suna lissafin wace ƙafa za ta ɗauki nauyi a wane bugu, ina za a juya don kada dungulmin ya goge ya yi jini. Wannan ɓangaren aikin mai tsara rawa ne da 'yan kallo ba sa gani. Aikinsa ya san jikin da ke gabansa, ya san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, ya ɓoye na biyun ya fito da na farkon, sannan tafi ya tafi wurin mai jikin.

A tsakanin waɗannan shekaru ya yi wasu abubuwan. Ya bi ƙungiyar Ajanta Arts ta Sunil Dutt, mahaifin Sanjay Dutt namu Ɗan Daba Mai Lasin, suna zuwa bakin iyakokin Indiya suna yi wa sojoji wasa a shekarun 1960 da 1970. Ya kafa makarantar rawa a Bombai mai suna Nateshwar. A 1975 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Shri. Sannan ya kafa tarihin da ya sa na ba rubutun nan suna: ya yi awa tara da minti ashirin yana rawar katak ba tsayawa. Wato ka fara bayan an fito sallar asuba, sai wajen la'asar ka tsaya, da akayau a ƙafa, da asma a ƙirji. Ni in na yi minti goma ina nuna wa yara taku sai na nemi ruwan leda.

Ga wani abu da ya ƙara mini haushi a madadinsa. Filmfare ta fara raba kyaututtuka tun shekarun 1950, ana ba jarumi, ana ba mawaƙi, ana ba mai kiɗa, har mai ɗaukar sauti. Mai tsara rawa kuwa ba a ware masa kyauta ba sai 1989, kuma Saroj Khan ce ta fara ɗauka da rawar Madhuri a Tezaab. Lokacin zamani ya riga ya juya, disko ya shigo, Mithun ya yi tashe, irin rawar Gopi ta zama ta jefi-jefi. Masana'antar da rawa ce ke sayar mata da fim ta yi shekara sama da talatin ba ta ga mai tsara rawar ba.

Mu ma nan haka muke, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun daga Sangaya na 1999 zuwa yau, waƙa da rawa ne suka ɗauki finafinan Hausa a kafaɗa. Ana zaginsu a kan rawar, ana kuma sayensu saboda rawar. Kowa a nan zai iya jero mini mawaƙa goma, jarumai ashirin, daraktoci biyar ba tare da ya numfasa ba. To a jero mini masu tsara rawa uku. Na gwada wannan tambayar a majalisarmu, aka yi tsit, sai wani ya ce ai jaruman ne ke yin abinsu. Wasu jaruman lallai sun iya, Ali Nuhu ma da yawa da rawa suka fara saninsa. Amma duk inda ka ga mutum takwas sun ɗaga hannu lokaci guda sun juya lokaci guda, akwai wani da ya sha rana yana ƙirga musu. Matsalarmu ma ta fi ta Indiya sarƙaƙiya, don a nan wani lokacin shi mai aikin ne da kansa ke roƙon kada a sa sunansa, saboda gida, saboda gidan da yake neman aure. Ba na ganin laifinsa. Na ga fuskar Kawu.

Gopi Krishna ya rasu ranar 18 ga Fabrairun 1994 a Bombai, bugun zuciya ne ya yi ajalinsa, yana da shekara 58. Ko shekara biyu ba a yi ba aka canza wa garin suna zuwa Mumbai. Ya bar matarsa Savitri, ita ma mai rawar katak ce, da 'yarsu Shampa wadda ta gaji sana'ar, tana tsara rawa a finafinai da gasannin talabijin. Innarsa Sitara Devi, wadda ta girme shi da shekara 15, sai da ta ƙara shekara ashirin a duniya bayansa.

Da na gama duk binciken nan na sauke rawar ƙarshen fim ɗin a wayata, na sami Kawu da yamma a gindin dogonyaron ƙofar gida yana gyaran rediyonsa. Na miƙa masa ban ce komai ba. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska irin na tsofaffi, ya kalla har ƙarshe, ya sa na maido masa farko. Na lura babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin takalmi, yana bin tabla. Da na gaya masa mutumin asma gare shi, sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ƙarya nake, sai da na rantse. Na tambaye shi ko yanzu ya yarda a sa sunana in an sake kirana. Ya ce wancan Ba'indiye ne, ni kuma ɗan Dalijan ne, in je in kawo masa batir.

Abokin nan nawa ya sake kira, yana son mu yi wani bidiyon bayan Sallah, wannan karon da mutum goma sha biyu. Na ce masa zan zo, amma sai an rubuta sunana bayan na mai kiɗa, kafin na mai mota. Ya amince. Kawu dai ban gaya masa ba tukuna.